Lokacin da Ido ke Gadin Gwiwa



Kaka ta yi, dawa da gero sun shiga rumbu, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ke biyo baya. Daga Gammo zuwa Garo, daga Kabo zuwa Gwarzo har Getso, da wuya ka wuce filin firamare da yamma ba ka ga ƙura na tashi ba. Zumuntar matasan wannan ikilisiya ta aika wa ta waccan takarda, a sa ranar wasa kafin Kirsimeti, a yi karo-karon kuɗin ƙwallo da na mota. Mu ma muna son abin. Sai dai da wuya rani ya wuce ba mu ji an ce wane ya faɗi a fili, gwiwa ta kumbura ba. In ka tambayi wanda ya buge shi, sai a ce maka ai ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi.

Wannan magana, "ba wanda ya taɓa shi", ita ke sa wasu su fara waige-waige suna neman hannun wani a ciki. Ku kwantar da hankalinku. Masu zuwa gidan kallo da suka ɗan manyanta za su tuna Michael Owen na Ingila a Kofin Duniya na 2006 a Jamus, wasansu da Suwidin: ko minti biyu ba a yi ba ya miƙa ƙwallo, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya rarrafa ya fita fili, ba wanda ya yi masa keta. A 2020 wasu likitoci a Italiya sun zauna sun kalli bidiyon irin wannan rauni har guda 134 da aka samu a manyan gasanninsu. Kashi 12 cikin 100 kaɗai ne aka bugi gwiwar kai tsaye. Sauran kuwa, ko dai ba a taɓa ɗan wasan ba sam, ko an ɗan ture shi a kafaɗa ko ƙirji ne lokacin da yake shirin taka ƙasa. Kuma yanayin da ya fi yawa shi ne lokacin da mutum ya taso a guje zai ƙwace ƙwallo, wato lokacin da idonsa da hankalinsa ke kan ƙafar wani, ba kan tasa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A can cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu masu tauri da suka gitta juna, suna ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ACL, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa idan mutum ya taka ya juya. Ranar da ta tsinke, wasu kan ji ƙara kamar an karya kara, cikin 'yan awoyi gwiwa ta cika. A nan gida, wurin mai ɗori ake fara zuwa. Ba mu raina masu ɗori ba, iyayenmu ne, kuma da yawa cikinmu da hannunsu muke tafiya yau. Amma wannan ba karaya ba ce, ba kuma targaɗen da ake ja ya koma ba ne. Abin yana can tsakiyar gaɓa inda hannu ba ya kaiwa. Ko hoton ƙashi na asibiti ba ya nuna jijiyar, sai gwajin hannun likita da hoton MRI. Shi ya sa yaro kan yi wata biyu kumburi ya sauka, ya ce ya warke, ya koma fili, gwiwa ta sake kuɓuce masa, kullum tana ƙara cin gurunguntsin da ke ciki. Daga ƙarshe dai hanyar Kano ake kamawa, mafi yawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke wannan aiki na ƙashi da gaɓoɓi tun 1959. Idan tiyata ta kama, ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake yi ba. Likita kan yanko wata daga jikin mutum, ko ta bayan cinya ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙashi sama da ƙasa, ya zura ta ya ɗaure a gurbin waccan.

Akwai wani ɗanmu da ya bi wannan hanya, ba za mu kama suna ba, waɗanda suka san shi sun san shi. Mahaifinsa ya sayar da ɗaya daga shanun huɗarsa, zumuntar mata ta yi nata, ku ma kun yi baiko na musamman. Aiki ya yi kyau. Ya bar sanduna, ya fara hawa keke, cinyar da ta rame ta fara dawowa. A wata na shida ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, muka yi murna tare da shi ƙwarai. Kafin a fita daga harabar majami'a har an fara ce masa, "To, sai mun gan ka a fili."

Mu kuwa da muke ganinsa kullum akwai abin da muka lura da shi. Idan yana tafiya, idonsa na ƙasa, kamar mai neman allura. In ka kira shi daga gefe, ba ya waiwayowa yana tafe kamar da, sai ya tsaya cak, sannan ya juyo. Ranar da aka tashi daga addu'ar dare babu wata, shi da ya saba wuce kowa a hanya, sai ga shi a baya da fitilar waya yana haska gabansa. Muka ce masa, "Ɗana, ciwo take yi ne?" Ya ce, "A'a Baba, ba ta ciwo. Sai dai in ban kalle ta ba, ji nake kamar ba tawa ba ce."

Mun raka shi Kano a zuwansa na gaba, muka maimaita wannan magana a gaban mai gashin ƙashin da ke duba shi. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya sa shi ya tsaya da ƙafar da aka yi wa aiki ita kaɗai, ya tsaya daram. Ya ce ya rufe ido. Nan take ya fara tangal-tangal, ya kai hannu bango. Ya ce ya buɗe ido, ya sake tsayawa, amma wannan karon ya riƙa cire bakwai daga ɗari yana faɗa da ƙarfi. Bai kai saba'in da tara ba gwiwa ta fara karkata ciki.

Ga bayanin, yadda muka fahimce shi daga bakinsa da kuma abin da muka karanta daga baya. Jijiyar nan ba igiya ce kawai ba. Tun 1984 masu bincike suka nuna cewa a cikinta akwai ƙananan 'yan rahoto da ke aika wa ƙwaƙwalwa labari ba dare ba rana: gwiwa ta lanƙwasa kaza, ta miƙe kaza, ana murɗa ta ta nan. Irin wannan labari daga gaɓoɓi da tsoka shi ne ke sa iyayenmu mata su taho daga rijiya da tulu a ka, goyo a baya, suna hira, suna tsallake kunya da kwazazzabo ba tare da sun dubi ƙasa ba. Shi ne ke sa ka san inda ƙafarka take a cikin duhu. Idan jijiyar ta tsinke, wannan layin ya yanke. Wadda aka dasa tana riƙe ƙashi da kyau, amma ba ta zo da 'yan rahoton tsohuwar ba. To ƙwaƙwalwa ba ta zama haka nan. Da ta ga labari ya ragu daga ƙasa, sai ta ɗora wa ido aikin gadi.

Wannan ba zato ba ne. Wani mai bincike a jihar Ohio ta Amurka, Dustin Grooms, shi da abokan aikinsa sun sa mutum 15 da aka yi wa wannan tiyata da wasu 15 masu lafiya cikin na'urar da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki, aka ce kowa ya riƙa lanƙwasa gwiwa yana miƙewa. A sakamakon da suka fitar a 2017, waɗanda aka yi wa aikin sun fi kunna sashen da ke da alaƙa da gani, alhali galibinsu sun daɗe da barin asibiti. Motsin da a da jiki ke yi da kansa ya koma motsin da sai an sa masa ido an sa masa hankali.

A ɗakin gashi wannan ba ya nuna kansa sosai. Ƙasa a shafe take, ga madubi, ga shiru, ba mai tahowa a guje. Ido ba shi da wani aiki sai gadin gwiwa, don haka yaro kan ci duk gwajin da aka yi masa. Fili kuwa wani abu ne daban. Ƙwallo na sama, ɗan baya na tahowa ta hagu, abokin wasa na ihu yana neman a ba shi, ga ramin da akuya ta tona. Ido ɗaya ba zai yi gadin gwiwa ya kuma bi ƙwallo ba. Kuma masu nazarin bidiyo sun auna cewa jijiyar kan tsinke cikin kusan kashi 40 cikin 1000 na sakan bayan ƙafa ta taɓa ƙasa, lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu damar a yi tunani a gyara. Sai dai abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta shirya wa tsoka tun ƙafa na sama. Kun ga inda maganar likitocin Italiya ta dawo.

Akwai ma wani bincike da ya girmi wannan, na Charles Swanik na Jami'ar Delaware, a 2007. An duba gwajin kwamfuta na saurin fahimta da tuna abu da aka yi wa 'yan wasan jami'o'i tun kafin a fara kakar wasa. Mutum 80 da daga baya jijiyarsu ta tsinke ba tare da an buge su ba, an tarar tun farko sun ɗan fi takwarorinsu jinkirin mayar da martani da riƙe abin da suka gani. Kada wani ya ɗauki wannan ya je yana tsokanar ɗan'uwansa, ba maganar ƙoƙari a aji ake yi ba, bambancin ɗan ƙanƙani ne da sai na'ura ke kama shi. Abin da yake nunawa shi ne, tun asali ciwon gwiwa yana da ƙafa ɗaya a cikin kai.

Saboda haka ne masu gashin ƙashi a yanzu ke ƙara wani abu a kan atisayen da aka saba. Suna rage wa ido dama, suna kuma ba hankali wani aikin, don jiki ya koma sauraren labarin da sauran jijiyoyi da tsoka da tafin ƙafa ke aikowa. A manyan kulob na Turai har tabarau suke da shi mai ƙiftawa da kansa, gilashin ya yi duhu ya yi haske, mutum na tsalle yana ganin duniya gutsure-gutsure. Akwai fitilun da ake jerawa a ƙasa, wadda ta kama ka taka ta. Mu ba mu da waɗannan, kuma da muka faɗi haka mai gashin ya yi dariya ya ce abin da muke da shi ya fi su: muna da mutane. Wannan horo ba ya yiwuwa mutum shi kaɗai, domin ba za ka iya ba kanka mamaki ba. Dole sai da wani a gabanka wanda ba ka san abin da zai yi ba.

Ya rubuta mana abin da ya dace da matakin da yaron yake, muka dawo da shi gida, wasu cikinku suka karɓi aikin. Da farko tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, ido a rufe. Sannan a kan katifa ko buhun dusa, inda ƙasa ba ta tsaya wuri ɗaya. Da wannan ya zauna, sai aka shigo da kai: yana tsaye yana jera garuruwan da ke kan hanya daga Kano zuwa Gwarzo, sannan ya juyo da su ta baya. Wani cikinku ya kawo dabarar jera littattafan Sabon Alkawari daga Ru'ya ta Yohanna a koma Matta, wanda ya tona asirin mutane da yawa da gwiwarsu lafiya lau. Daga nan aka fara jefa masa ƙwallo yana cafewa, ba a faɗa masa ta wane gefe za ta zo. Aka samo murafen kwalba ja da kore: in an ɗaga ja ya taka hagu, in kore ya taka dama, bayan kwana biyu a juya dokar don kada ya haddace. In an kira lamba mai rabuwa biyu ya durƙusa kaɗan, in marar rabuwa ce ya tsaya. Wani abu kuma da aka ja mana kunne a kai: kada a riƙa ce masa "kalli gwiwarka, gyara gwiwarka". A ba shi abin da zai nufa a waje, a ce ya sauka a kan layin nan, ya sauka ba ƙara kamar kyanwa, ya nuna ƙoƙon gwiwa wajen bishiyar can. Mai kallon gwiwar shi ne abokin da ke gefe, in ya ga ta faɗa ciki ya tsayar da wasan.

Abin ya tuna mana langa. Kakanninmu ba su san na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba, amma sun ƙago wasan da yaro ke tsalle da ƙafa ɗaya, hannu riƙe da ɗayar, ido na kan abokin karawa, kai na lissafin yadda ruwa zai kai gida. 'Yan mata kuma ga 'yar gala-gala. Ba muna cewa a kai mai sabon ɗinki filin langa ba ne, Allah ya kiyaye, ture ɗaya ya isa ya mayar da sa ɗin nan da aka sayar asara. Amma ƙannenku masu lafiya da suka bar waɗannan wasanni suka koma danna waya, akwai abin da suka bari. Kuma tunda mun ambaci 'yan mata: bincike ya daɗe da nuna cewa a wasa iri ɗaya mace ta fi namiji saurin samun wannan rauni, don haka 'yan'uwanmu mata masu buga ƙwallo, maganar nan taku ce.

Kada a ɗauka murafen kwalba za su maye gurbin sauran. Horon ido da hankali sabon fanni ne, ƙari ne a kan tushe, kuma tushen shi ne ƙarfin cinya da lokaci. A nan hujja ta fi ƙarfi. Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Delaware da Oslo ta ƙasar Norwe, wanda ya fito a 2016, ya bi mutum 106 har shekara biyu bayan tiyata. An ga cewa duk wata ɗaya da mutum ya ƙara jira kafin ya koma wasa, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin ciwo a gwiwar na raguwa da kusan rabi. Waɗanda ƙarfin cinyarsu ta ciwo ya kusa kamo na mai lafiya su ma sun fi tsira. A shekarar dai aka tattara bincike da dama aka ga cewa cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kashi 23 cikin 100 sun sake tsinka jijiyar, ko a wannan gwiwa ko a ɗayar. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma shekarunku ne. Virgil van Dijk na Liverpool ya ji nasa ciwon a Oktoban 2020, bai sake buga wasan lig ba sai Agustan 2021. Neymar ya ji nasa a Oktoban 2023, sai da ya shekara cur. Waɗannan mutane ne da likitoci ke kewaye da su safe da yamma. Ɗanmu kuwa zuwa Kano sau ɗaya sai an yi lissafin kuɗin mota, in damina ta kama ma lissafin ya koma na taki. To a kan me za mu ce shi wata shida ya ishe shi?

Kuma shi ba ƙwallo ce abincinsa ba. Da wannan gwiwa zai bi shanu a huɗa, da ita zai sauke buhu daga amalanke, da ita zai taka babur, in ya nemi aikin ɗamara da ita zai yi gudun tantancewa. In ta sake tsinkewa, babu sa na biyu da za a sayar a gidansu.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu kai tsaye, maganar tsoro. Mun ji wasu na ce masa ai ya riga ya ba da shaida, jan ƙafar da yake yi ƙarancin bangaskiya ne. Ba mu yarda da wannan ba, kuma muna roƙo a daina. Shaidar da ya bayar gaskiya ce: ya shiga ɗakin tiyata ya fito, yana tafiya da ƙafarsa, wannan abin godiya ne. Ba takardar sallama daga likita ya karanta mana ba. Ɗar-ɗar ɗin da yake ji ƙwaƙwalwarsa ce ke faɗa masa cewa labarin da take samu daga ƙasa bai cika ba tukuna, kuma gaskiya take faɗa. A wani babban nazari na 2014, cikin waɗanda aka yi wa wannan aiki kashi 81 cikin 100 sun koma wani nau'in wasa, amma kashi 55 ne kawai suka koma gasa, kuma tsoron sake jin ciwo na cikin manyan dalilan da waɗanda ba su koma ba ke bayarwa. Gori ba ya cire irin wannan tsoro. Abin da muka ga yana rage shi shi ne maimaici: yau ya cafe ƙwallo ido na sama gwiwa ba ta ba shi kunya ba, gobe ma haka, jibi ma haka, har jiki ya gamsu da kansa. Mai son yi masa addu'a ya yi, muna yi mu ma, sannan ya zo ranar Talata ko Alhamis da yamma ya ɗaga masa murfin kwalba na minti ashirin.

Idan a ikilisiyarku akwai mai irin wannan ciwo, kada ku kwafi abin da muka lissafa ku fara yi masa da ka. Kowane mataki yana da lokacinsa, abin da ya dace a wata na bakwai yana iya ɓata aiki a wata na biyu, kuma in an haɗa da ɗinkin gurunguntsi dokar ta sake canzawa. Ku raka shi wurin mai gashin da ke duba shi, ku tambaya: yaushe zai fara atisaye ido a rufe, yaushe za a haɗa masa da lissafi, yaushe za a fara ba shi umarnin ba-zata, kuma in za a gwada shi kafin a sallame shi, a gwada shi har da lokacin da hankalinsa ke wani wuri. In gwiwa ta kumbura bayan atisaye, ko ta yi zafi, ko ta kuɓuce, a tsaya a koma a faɗa.

Namu yanzu yana wata na takwas. Sunansa ba ya cikin jerin 'yan wasan bana, shi da kansa ya ce a cire, aka ba shi usur. Makon jiya ya sauko daga ɗari da bakwai-bakwai har ya kai biyu, a tsaye da ƙafa ɗaya a kan buhun dusa, bai taɓa bango ba. Cire goma sha uku-uku ne har yanzu ke sa gwiwar rawa, kuma zuwansa Kano na gaba sai bayan sabuwar shekara.